Darwin bai ce birin yanzu ne ya haifi mutum ba

Da zarar an ambaci Richard Dawkins, masanin halittu ɗan Ingila da ya yi suna wajen musun samuwar Ubangiji, sai ka ji an ce: "Su ne masu cewa daga biri muka fito. To me ya hana biran yanzu zama mutane?"

Ba haka maganar take ba. Abin da masanan ka'idar juyin halitta (evolution), wadda masanin halittu Charles Darwin ya kawo, ke faɗi shi ne mutum da birin cimfanzi kakansu ɗaya, wanda ya rayu kimanin shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, daga nan kowane reshe ya kama gabansa. Wato 'yan'uwa ne na nesa. Shi ya sa aka yi ta ce-ce-ku-ce kan ƙoƙon kan da aka tono a hamadar Djurab ta Chadi a 2001, wanda shekarunsa suka kusa wancan lokaci: shin na reshen mutum ne ko na biri?

Kuma zindiƙancin Dawkins nasa ne. Darwin da kansa ya rubuta a wata wasiƙa ta 1879 cewa bai taɓa musun akwai Allah ba. Francis Collins kuwa, wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin halittar ɗan'adam a Amurka, Kirista ne mai riƙo da addini, ya kuma yarda da ka'idar juyin halittar.