Waiwaye: Rangers, Celtic da waƙoƙin gaba a filayen Glasgow

Duk wanda ya taɓa kallon karawar Rangers da Celtic ya san ba ƙwallo kaɗai ake yi wa ihu ba. An kafa Rangers a 1872. Celtic kuwa wani malamin Katolika ɗan Ireland, Brother Walfrid, ne ya kafa ta a 1887 don ciyar da yaran talakawa a gabashin Glasgow. A hankali Rangers ta zama ta 'yan Furotesta masu biyayya ga sarautar Birtaniya, Celtic ta Katolika masu kishin Ireland, kowa da waƙoƙinsa na cin mutuncin ɗan'uwansa.

Shekara da shekaru shugabannin Rangers ba su da bakin tsawatarwa, tunda su ma ba sa sayen ɗan wasan da aka san Katolika ne. Ba a rubuce dokar take ba, amma kowa ya san da ita. Sai a Yulin 1989 kocin ƙungiyar, Graeme Souness, ya karya ta da ya ɗauko Mo Johnston, wanda Katolika ne, wasu magoya baya suka yi ta ƙona kayan ƙungiyar don fushi. Bayan shekara goma, mataimakin shugaban ƙungiyar, Donald Findlay, ya yi murabus saboda wani bidiyo da ya nuna shi yana rera waƙoƙin nan a wajen liyafa. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi ke nan.

Gangamin wayar da kai dai an sha yi. Celtic ta fara nata a 1996 zamanin shugabanta Fergus McCann, Rangers ta biyo baya a 2003, ta sake a 2007 da 2019. Amma idan aka bi tarihin da kyau, za a ga muryar shugabanni ba ta kauri sai hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta taɓa aljihu. A 2006, bayan wasa da Villarreal, hukumar ta ci tarar Rangers, ta kuma tilasta mata sanar da haramcin waƙar "Billy Boys", wadda ke alfahari da zubar da jinin Katolika. A 2011 aka hana magoya bayanta bin ta wasan waje guda ɗaya. A shekarar ce kuma Celtic ta biya tara kan waƙoƙin yabon IRA, ƙungiyar 'yan bindiga masu yaƙi da mulkin Birtaniya a Ireland.

A cikin gida kuwa sai jan ƙafa. A 2013 ƙungiyoyin Scotland suka ƙi amincewa da tsarin da zai ɗora musu alhakin laifin 'yan kallonsu, don ba mai son ɓata wa masu sayen tikitin shekara rai. Gwamnatin Scotland ta yi dokar hukunta masu irin waɗannan waƙoƙi a 2012, bayan an aika wa kocin Celtic Neil Lennon ƙunshin bam ta gidan waya, sai magoya baya suka ce an mayar da su masu laifi kan waƙa kawai, majalisa ta soke ta a 2018.

A Agustan 2019 UEFA ta umarci Rangers ta rufe kujeru 3,000 a filinta na Ibrox ranar wasa da Legia Warsaw, saboda waƙoƙin nan. A wannan karon shugabanni suka daina lallashi, suka ce mai irin wannan hali ba a buƙatarsa a filin. Cikin sassan da suka zaɓa su rufe har da inda Union Bears, rukunin magoya bayan da ya fi kowa ƙarfin murya, ke zama a lokacin.