Tocila da fitilar goshi

Tocila fitilar hannu ce mai aiki da batir, wanda a Nijar aka fi kira pil. Fitilar goshi kuwa ana ɗaura ta a ka da madaurin roba, duk inda mutum ya juya fuska haske ya bi shi, hannuwansa biyu kuma suna kan aiki. A Yamai ana sayar da su a Babbar Kasuwa da Katako da Wadata, har da hannun ƴan talla a bakin titi, kuma akasarinsu ƙirar Sin ne.

Asali

Wani ɗan Ingila mai suna David Misell ya samu takardar mallakar fasahar tocila a Amurka a 1899. Shekara da shekaru ƙwanta mai zare ne, ga cin batir ga saurin ƙonewa. Abin da ya sauya lamarin shi ne ƙwan LED, ɗan ƙaramin ƙwai marar zare da ba ya cin batir sosai. Masana uku ƴan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da mai shuɗin haske, wanda daga gare shi aka samu fari, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Yau da wuya ka ga tocila mai ƙwan zare a kasuwa.

Amfani a Yamai

Ɗauke wuta ya fi yawa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda ita ce kaso mafi tsoka na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a mayar ba sai Maris na 2024. Mai gadi ya fi son doguwar tocila mai jefa haske nesa. Makaniki da mai tsire da mai haƙar zinariya a Komabangu, cikin jihar Tillaberi, fitilar goshi ce tasu. Aibinta biyu: tana kashe wa abokin magana ido, da damina kuma tana tara wa mai ita ƙwari a fuska.

Yadda ake zaɓe

Ana auna yawan haske da lumen. Lumen 30 zuwa 100 ya ishi aikin cikin gida da duba kunama a tsakar gida, 200 zuwa 400 kuma ya ishi gadi. Lambobin da ake bugawa a kwalin masu arha, irin su lumen 100,000, cika baki ne na ƴan kasuwa. Ko a ƙa'idar gwajin tocila ta FL1 ta 2009, wadda manyan kamfanoni ke bi, ana ƙirga daɗewar fitila ne har sai haskenta ya koma kashi 10 cikin 100, wato ta riga ta dushe kafin lokacin da aka rubuta ya cika.

Batir ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Babban pil R20 da matsakaici R6 da ƙarami R03 duk volt 1.5 ne, ana samunsu ko a teburin ƙauye, irin su Tiger Head. Sai dai mai arhan yakan yi ruwa ya ci ƙarfen tocila idan aka bar shi a ciki. Masu caji galibi suna da batirin litiyom 18650, mai volt 3.7, kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Na gaske bai cika wuce mAh 3,500 ba (mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa ne), don haka wanda aka rubuta wa 9,900 jabu ne. Litiyom ba ya shiri da zafi: barin sa a rana ko cikin mota a rufe yana rage masa kwana, wani lokaci har ya kumbura. Mazaunin birni mai samun kuran (wutar lantarki) ko sola, mai caji ta fi masa sauƙi a aljihu. Makiyayi da matafiyi cikin daji gara su riƙe mai pil.

Saura ƙura da ruwa. Alamar IPX4 na nufin tana jure yayyafi, IPX7 kuma tana jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Lokacin hunturu ƙura ce ke fara kashe makunni, shi ya sa mai IP67, wadda ƙura ba ta shiga, ta fi dacewa da Yamai, ko da yake ta fi tsada.