Waiwaye: jiran mahaƙa, daga Chile zuwa Kuri Bugudi

Duk wanda ya kai shekarun hankali a 2010 zai iya tuna labarin mahaƙa 33 na ƙasar Chile. Ran 5 ga Agusta na shekarar, dutse ya rufta a mahaƙar San Jose da ke hamadar Atakama, inda ake tonon tagulla da zinare, ya toshe musu hanyar fita suna can ƙasa wajen mita 700. Kwana 17 aka yi babu wanda ya san ko suna raye. Sai ran 22 ga watan, da aka zaro bakin injin da ke huda ƙasa, aka tarar da 'yar takarda ɗaure a jikinsa, an rubuta da jan alƙalami cewa su 33 suna nan lafiya a ɗakin mafaka. Daga nan duniya ta koma 'yar kallo. A Garwa da Marwa da Njamena, mutanen da ba su taɓa jin sunan Kopiyapo ba, garin da mahaƙar ke kusa da shi, sun riƙa bin labarin a rediyo safe da yamma, ana mayar da shi a teburin mai shayi. Ran 13 ga Oktoba aka gama fito da su ɗaya bayan ɗaya cikin wani siririn keji na ƙarfe, bayan kwana 69, shugaban ƙasar na lokacin Sebastian Piñera na tsaye a bakin ramin.

Mutane sun fi riƙe murnar fitowar, amma abin da ya kamata a duba shi ne me ya sa jiran ya yiwu tun farko. Akwai takarda mai sunayen duk wanda ya shiga aiki a ranar, shi ya sa aka san 33 ne, har da ɗan ƙasar Bolibiya guda ɗaya. Akwai taswirar ramin, ko da ba cikakkiya ba ce. Akwai ɗakin mafaka da ɗan abinci, wanda suka riƙa yi wa rabon tsimi, cokali biyu na kifin gwangwani da kurɓin madara duk bayan kwana biyu. Sannan gwamnati ta ɗauki abin a kanta, ta jera injinan huda uku suna aiki lokaci guda, har hukumar sararin samaniya ta Amurka ta ba da shawara kan lafiyar mutanen. Kamfanin da ke da mahaƙar ba abin yabo ba ne, don an sha kuka da shi kan haɗurra kafin wannan. Duk da haka, jerin sunaye da taswira da mafaka su ne suka ba iyalai dalilin kafa tantuna a bakin rami su zauna.

Ba Chile ce ta fara ba. A 1963 an ciro mutum 11 a Lengede ta Jamus bayan mako biyu, kuma a farkon 2021 an sake ganin irin haka a wata mahaƙar zinare a lardin Shandong na ƙasar Sin, inda 11 cikin 22 suka fito da rai.

A nahiyarmu, wanda ya fi kama da wannan shi ne na Perkoa a Burkina Faso. Ran 16 ga Afrilun 2022 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya kwarara cikin mahaƙar zinc ta kamfanin Trevali na Kanada, ya rutsa da mutum takwas, shida 'yan ƙasar, ɗaya ɗan Tanzaniya, ɗaya ɗan Zambiya. Wata guda cur ana zuƙe ruwa, ana addu'a a masallatai da coci-coci, fatan kowa shi ne sun samu kaiwa ɗakin mafaka da ke zurfin fiye da mita 500. Da aka kai ga ɗakin ran 17 ga Mayu, babu kowa a ciki. Daga baya aka tsinci gawarwakin, kuma a Satumba kotu ta samu manyan jami'ai biyu da laifin sakacin da ya jawo asarar rai. Abin baƙin ciki ne, amma an san su waye, an nema, an binne, an yi shari'a.

To a nan gida fa? Haƙar zinare ta hannu tsohuwar sana'a ce a Kamaru, musamman a jihar Gabas, wajen Betare-Oya da Baturi, kuma ta bazu zuwa Adamawa da yankin Mayo-Rey a Arewa. Abin ya sauya fasali lokacin da ake shirin gina madatsar ruwa ta Lom Pangar, aka ce a kwashe zinaren da ruwa zai shanye. Da wannan ƙofar kamfanoni masu manyan motocin tono suka shigo, da yawansu na 'yan Sin. Su tona, su kwashe, su tafi su bar rami a buɗe, ruwa ya taru a ciki, gefensa a tsaye kamar katanga. Talaka ya biyo baya da shebur da kwano yana wankin ragowar ƙasa. A ƙarshen Disambar 2017 mutum tara suka mutu a irin wannan rami a ƙauyen Ngoe Ngoe. Ƙungiyar FODER, wadda ta ɗau shekaru tana bin diddigin lamarin, ta ƙirga mutuwar mutane sama da 100 a ramukan da aka bari ba a cike ba, alhali dokar ma'adinai ta ƙasar ta wajabta wa mai haƙa ya mayar da ƙasa yadda ya same ta. An kafa SONAMINES, kamfanin ma'adinai na gwamnati, a 2020, an sabunta dokar a 2023, ramukan dai suna nan.

A Chadi kuwa guguwar ta taso ne wajen 2013, da aka gano zinare a tsaunukan Tibesti, sannan a 2014 aka gano na Jado a Nijar. Samari daga ko'ina suka yi ɗango zuwa sahara a bayan Toyota, wasu sun sayar da babur, wasu sun jinginar da gona don a haɗa kuɗin injin gano zinare. Kuri Bugudi, a bakin iyakar Libiya, fiye da kilomita 1,000 daga Njamena, ta tara dubban mutane: Tubawa, Larabawa, 'yan Sudan, 'yan Nijar, da Hausawa masu haƙa da masu sayar da ruwa da abinci. A ƙarshen Satumbar 2019 rami ya rufta a can. Sai da aka kwana biyu kafin labarin ya iso babban birni, kuma adadin da aka fara bayarwa wajen mutum 30 ne, daga baya ya ƙaru. Babu injin huda da aka tura, babu wanda ya kafa tanti. A Mayun 2022 faɗa tsakanin mahaƙa a wurin ya ci rai kusan 100 bisa faɗar gwamnati, ita kuma ta amsa da dakatar da haƙar da korar mutane.

Wannan amsar ce kusan kullum, a rufe wuri. An yi haka a Jado a 2017, an yi a Ɗan Isa ta jihar Maraɗi bayan ruftawar Nuwamban 2021 da ta kashe aƙalla mutum 18. A ganina rufewar tana sauƙaƙa wa hukuma ne kawai, domin mahaƙin ba gida yake komawa ba. Gaba yake ƙarawa, inda babu jandarma, babu asibiti, babu layin waya, ko kuma ya dawo ramin da dare.

Shi kansa ramin namu ba ya ba da damar dogon jira. Siririyar rijiya ce ake tonawa, mutum ya sauka da igiya ko ta matakalar da aka sassara a jikin bango, fitila ɗaure a goshi, daga ƙasa kuma a bi jijiyar zinare a kwance, wani wurin sai da rarrafe. Akan bar ginshiƙan ƙasa su riƙe sama, amma ginshiƙin ma da zinare a jikinsa, wata rana sai wani ya ce bari a ɗan rage shi. Ga damina da ke jiƙa ƙasa ta yi nauyi, ga hayaƙin injin jan ruwa da ke kashe mutum ba tare da komai ya faɗo masa ba. In ƙasa ta zubo, kai tsaye a kan mutum take sauka, kuma abin da ya rage masa mintoci ne ko 'yan sa'o'i. Masu ceto abokan aikinsa ne, da shebur da bokiti da hannu, galibi su ma a ƙarƙashin gefen da bai gama zubowa ba. Kuma da yawa a wurin da laƙabi aka san su, Ɗan Marwa, Bakano, Dogo, don haka ko mai ramin ba lalle ya iya faɗin sunan uban wanda ke ciki ba.

Saboda haka dogon jiran a wurinmu gida yake komawa. Waya ta daina shiga, wata uku, wata shida, wani ya ce ya gan shi ya tsallaka Libiya, wani ya ce a'a, yana cikin waɗanda ƙasa ta rufe. Uwa ba ta san ko ta karɓi gaisuwa ba, gado ba ya rabuwa, mai bin bashi yana zuwa. Matar kuma tana tsakiya, ba mai miji ba, ba mai takaba ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, matar wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi takan kai magana gaban alƙali, a yi bincike, in ba a samu labarinsa ba a ɗibar mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma kafin ta iya wani aure. Malamai sun yi bayanin hanyar da ta fi wannan gajarta idan bai bar mata abin ciyarwa ba, kuma yawancin waɗanda suka tafi haƙar zinare da bashi suka tafi.