IPA mai hazo: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Tun da na fara rubutu a kan ƙananan kamfanonin dafa giya na Amurka, tambayoyi iri ɗaya ne ke ta dawowa a kan giyar da ake kira IPA mai hazo, wato wadda ruwanta ba garau yake ba. Na tattara su a nan, kuma duk wanda ya sake aiko da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Mece ce IPA?

Gajarta sunan India Pale Ale ne. Giyar sha'ir ce da ake cika wa furen wani tsiro mai suna hof, wanda shi ne ke ba ta ɗaci da ƙamshi. Asalinta Ingila ne, inda a ƙarni na 19 ake loda irinta a jiragen ruwa zuwa Indiya.

Tunda mai hazon ta yi kama da ruwan lemo, shin da gaske tana bugarwa?

Tana bugarwa ƙwarai. Yawancinta na ɗauke da barasa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, wato ta fi giyar kwalba da aka saba gani ƙarfi. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, launi ba ya sauya shi, kuma ni bayanin sana'a nake yi, don haka a daina neman fatawa a wurina.

Hazon nan datti ne?

A'a. Masu dafa ta suna haɗa sha'ir da alkama da hatsin ots, suna zuba hof mai yawa bayan an sauke tukunya, wani lokaci ma ana tsakiyar aikin yisti, sannan ba su tace ta. Furotin na hatsin yana haɗuwa da wasu sinadarai na hof, su kasance a tarwatse cikin ruwan ba su kwanta ba. Wanda ya taɓa ganin burukutu ya san cewa giyar da ba a tace ba ba sabon abu ba ce a duniya.

To, a kan me ake ta jayayya?

A kan abin da ya cancanci a kira IPA. Masu ra'ayin farko sun taso ne da salon gaɓar yammacin Amurka, irin na kamfanonin Sierra Nevada da Stone da Russian River a jihar Kalifoniya, giya garau mai tsananin ɗaci, wadda ba ta barin zaƙi a baki. A wurinsu fitar da giya garau shi ne shaidar ƙwarewa, domin yana buƙatar haƙuri da tsafta, kuma suna zargin cewa hazo ya zama mafakar masu gaggawa, tunda kuskuren da zai fito fili a giya garau yana iya ɓuya a cikin mai kauri. Suna kuma ƙorafin cewa duk sun zama iri ɗaya, ko'ina ƙamshin mangwaro da abarba da lemo, domin kowa nau'o'in hof na Citra da Mosaic da Galaxy yake zubawa.

Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa a shekarun 2000 an mayar da ɗaci gasa har giyar ta gagari mutane da yawa, kuma sabon salon ya fito da ƙamshin hof ba tare da ya ƙona harshe ba. Suna ƙara da cewa yin mai kyau ba abu ne mai sauƙi ba, tunda har ruwan sai an daidaita shi, a rinjayar da sinadarin kuloraid a kan salfet domin giyar ta yi laushi a baki.

A ganina kowane ɓangare yana da rabin gaskiya, amma duka sun ɓata lokaci a kan kamanni. Hazo biyo baya ya yi, ƙamshi aka nema tun farko. Matsalar ta fara ne lokacin da masu saye suka koma auna giya da hoton da za su ɗora a Instagram, su kuma wasu masu dafawa suka bi su.

Gaskiya ne gari ake zubawa a ciki don ta yi hazo?

An sha zargin wasu da hakan, amma giyar da aka yi bisa ƙa'ida ba ta buƙatarsa. Kada a ɗauki zargi a shafa wa kowa.

Wa ya fara yin ta?

Galibi ana danganta ta da John Kimmich na kamfanin The Alchemist a garin Waterbury na jihar Vermont, wanda ya fara dafa wata giya mai suna Heady Topper a farkon shekarun 2000, aka soma zuba ta a gwangwani a 2011. A jikin gwangwanin an rubuta cewa a sha daga cikinsa kai tsaye, kada a juye a kofi. Daga baya kamfanonin Tree House da Trillium a jihar Massachusetts suka yaɗa salon, shi ya sa ake laƙaba masa sunan yankin New England, inda jihohin biyu suke. Abin da masu jayayya ke mantawa shi ne, ita Heady Topper ɗin tana da ɗaci sosai, ba ta kai na yanzu zaƙi da kauri ba.

Gwangwanin da na saya ya yi watanni a ajiye, launin ya koma ruwan ƙasa. Ya lalace ne, kuma har yaushe ake iya ajiye ta?

Wannan ce tambayar da ta cancanci amsa, kuma amsar ta dogara da abubuwa da dama. Babban abokin gabar wannan giya iska ce. Ɗan abin da ya shiga gwangwani lokacin zubawa ya isa ya fara cin ƙamshin hof, launin ya tashi daga rawaya mai haske ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka, ɗanɗanon kuma ya koma na zaƙin da ya kwana ko na jiƙaƙƙen kwali. Idan abin da aka gani ke nan, iska ta riga ta yi aikinta, kuma sanyaya shi ba zai dawo da komai ba.

Game da tsawon lokaci, masu dafawa da yawa suna cewa a sha cikin 'yan makonni, kuma bayan kamar wata uku kada a sa ran samun abin da aka biya kuɗi dominsa. Sai dai wannan ƙiyasi ne kawai. Babban kamfani mai injinan zamani yana iya rage iskar da ke shiga har giyarsa ta jure fiye da haka, ƙaramin mai dafawa kuwa tasa tana iya sauyawa kafin wata guda. Zafi yana gaggauta lalacewar, don haka gwangwanin da ya zauna a firiji tun daga masana'anta ba ɗaya yake da wanda ya kwana a bayan mota ko ya yi doguwar tafiya a kwantena ba, ko da ranar zuba su ɗaya ce.

A duba ƙasan gwangwanin. Wasu suna buga ranar da aka zuba, wasu ranar da ya kamata a sha kafin ta, kuma ba kullum suke bayyana wacce ce ba. A kuma tuna cewa Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, saboda haka 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne. Gwangwanin da ba shi da kwanan wata ko kaɗan, ni ba na amincewa da shi.

Ɗan abin da ya kwanta a ƙasa ba abin tsoro ba ne, yisti ne da furotin. Tsohuwar giya mai barasa galibi daɗinta ne ke tafiya, ba kasafai take zama haɗari saboda tsufa kaɗai ba. Amma gwangwanin da ya kumbura ya yi tauri al'amarinsa daban ne, domin alama ce yisti ya ci gaba da aiki a ciki, musamman a waɗanda aka ƙara wa 'ya'yan itace, kuma yana iya fashewa. Haka nan nau'in da aka cire wa barasa ba shi da kariyar da barasa ke bayarwa, don haka a nan sai an ƙara kula. Idan wari ya yi tsami ko ya saɓa wa hankali, a zubar.

Me ya sa take ƙaiƙayi a maƙogwaro?

Ɓarɓashin hof ne bai gama kwanciya ba, an yi gaggawar fitar da ita. 'Yan kwanaki a firiji sukan rage shi.

Ba yayi ba ne da zai wuce?

An daɗe ana faɗin haka. A 2018 ƙungiyar Brewers Association ta masu dafa giya a Amurka ta ware mata rukuni nata, kuma a shekarar, a babbar gasar giya da ake yi a birnin Denver, rukuninta ne ya fi kowane samun masu shiga, ya ture IPA garau da ta daɗe tana kan gaba. A wannan shekarar ce kuma Sierra Nevada, wanda masu ra'ayin ɗaci ke alfahari da shi, ya baza tasa mai suna Hazy Little Thing a faɗin ƙasar.

Wacce ta fi, garau ko mai hazo?

Ba zan amsa wannan ba. Yawancin kamfanonin yanzu duka biyun suke dafawa.