Waiwaye: Yadda laka da yashi suka tara man Neja Delta

Labarin man Neja Delta ya girmi rijiyar mai ta Oloibiri, a jihar Bayelsa ta yau, da kamfanin Shell-BP ya haƙa a 1956 nesa ba kusa ba. Asalinsa ya koma sama da shekara miliyan 100, lokacin da nahiyar Afirka ta rabu da Kudancin Amurka. Ƙasa ta tsage gida uku. Tsaga biyu suka ci gaba da buɗewa har suka zama tekun Atlantika, ta ukun kuma ta tsaya a hanya, ita ce kwarin Binuwai na yau.

Daga nan kogunan Neja da Binuwai suka yi ta kwaso laka da yashi suna jibgewa a bakin teku, gaɓa tana matsawa kudu sannu a hankali. A wasu wuraren kaurin abin da ya taru ya kai kilomita 12.

A 1967 ne masana biyu, Short da Stauble, suka kasa wannan tarin hawa uku. Can ƙasa akwai Akata, baƙar lakar da ta kwanta a zurfin teku tare da ragowar halittu da tsirrai. Zafi da danniya suka dafa su suka zama mai. A tsakiya akwai Agbada, kuma nan dukiyar take. Yashi ne da laka bi da bi: man ya taso ya shige ƙofofin yashin, lakar da ke sama ta toshe masa hanya kamar murfin tukunya. Nauyin yashi a kan laka mai santsi kuma ya sa shimfiɗun suka riƙa zamewa suna lanƙwashewa, a waɗannan lanƙwasoshin ne masu haƙa suke neman sa'arsu. Hawa na sama, Benin, yashi ne kusan zalla. Ba a cika damuwa da shi ba, alhali daga cikinsa rijiyoyin burtsatse na yankin suke ɗebo ruwan sha, shi ya sa malalar mai ba ƙaramar masifa ba ce.

An fara fitar da mai waje a 1958. Daga baya haƙa ta bi shimfiɗun har cikin teku, inda filin haƙar mai na Bonga ya soma aiki a 2005.

Ita kuwa tsagar da ta tsaya, ba a bar ta ba. A Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe. Sai dai duwatsun can sun fi na Delta tsufa, sun kuma sha murɗa, don haka lissafin Agbada ba zai yi aiki a kansu kai tsaye ba.