Me ake nufi da karin waƙa?

Idan masana suka ce waƙa ta karye, karinta ne ya yi tuntuɓe. Kari shi ne awon da sha'iri ke ɗora baitocinsa a kai, wato yadda gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi ke jeruwa cikin kowane ɗango (layin waƙa) har murya ta hau ta sauka daidai. Gaɓa kamar "da" ba ta da nauyi, "dan" kuwa tana da shi, haka ma duk gaɓar da aka ja wasalinta. Amsa-amo daban yake, shi a ƙarshen ɗango ake jin sa.

Malamai kan auna kari da arulin Larabci, wato ilimin awon waƙa, wanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8. Karuruwa 15 ya fitar, daga baya aka ƙara Mutadarak suka cika 16. Da irinsu Kamil da Wafir da Mutaƙarab malaman jihadi suka yi wa'azi a ƙarni na 19.

Kalmar ta dawo bakin mutane ne saboda matasan da ke rubuta waƙa ba kari ba amsa-amo, su hau dandamali su karanta ta maimakon rerawa. Dattawan fanni kan ce zube ne aka yayyanka layi-layi. Sau da yawa suna da gaskiya, don wasu ba su taɓa gwada ko da waƙa ɗaya 'yar ƙwar biyar, wato mai ɗango biyar a kowane baiti, ba kafin su ce ta tsufa.

Sai dai abin da muke kira na gado shi ma an taɓa ganin sa baƙo. Aliyu Namangi na Zariya a kan karin caji ya ɗora waƙarsa Imfiraji, kiɗan 'yan duniya ya ɗauki wa'azi, ga shi har yau almajirai na rera ta. Akwai ma karin da sha'iran Hausa ke yawan hawa wanda babu shi a lissafin Halilu, har masanin harshe Russell Schuh ya raɗa masa suna kishiyar Mutadarak.

Su kansu Larabawan da muka yi aro a wurinsu sun sassauta. A 1947 Nazik al-Mala'ika ta Bagadaza ta saki tsawon ɗango, wani gajere wani dogo, amma ba ta yar da ƙafar waƙa, wato rukunin gaɓoɓin da ake maimaitawa, ba. Wanda ya san aruli yana iya yanka baitocinta gaɓa-gaɓa ya faɗi karin da ta hau.