Shin keɓe yankin teku yana dawo da kifi?

Mene ne keɓaɓɓen yankin teku?

Wuri ne da hukuma ta shata a teku ta taƙaita kamun kifi a cikinsa, ko ta hana gaba ɗaya. Kamar dai yadda Sarkin Ruwa ke rufe gurbi sai ranar su.

Yana aiki kuwa?

In an hana kamu da gaske, ƙwarai. An keɓe Cabo Pulmo ta ƙasar Meziko a 1995, kuma tsakanin 1999 da 2009 nauyin kifin wurin ya ƙaru da sama da kashi 460 cikin ɗari. Mutanen ƙauyen ne da kansu suka ajiye raga suka koma gadi.

To me ya sa wasu wuraren babu wani bambanci?

Domin a takarda kawai aka kare su! Wani bincike na 2014 ya duba yankuna 87 ya fitar da sharuɗɗa biyar na samun nasara: hana kamu kwata-kwata, sintiri na gaske, shekara fiye da 10, faɗin da ya wuce murabba'in kilomita 100, da ruwa mai zurfi ko yashi da ya kewaye wurin. Kashi 59 cikin ɗari ba su cika fiye da biyu ba, kuma kifinsu bai fi na inda ake su kullum ba. Don Allah a daina murna da allon sanarwa alhali jirgin sintiri ba shi da mai.

Masuncin da aka hana wurin da ya gada, yaushe zai ga amfani?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta, kuma amsar ta danganta. Kifin da aka bari ya girma yana zuba ƙwai fiye da ƙarami nesa ba kusa ba, ruwa ya kwashi ƙwan zuwa waje, manyan ma in sun yi cunkoso su tsallako iyaka. An ga haka a tsibirin Apo na Filifin, inda aka rufe wani ɓangare a 1982. Amma ribar ta fi yawa a kusa da iyakar, tana raguwa da nisa. Shekarun farko kuwa asara ce, musamman in kifin mai jinkirin girma ne. Yana iya kai shekara 10 ko fiye. In kuma duk kwalekwalen suka taru a bakin iyaka, za su iya cinye ribar tas. Kifin da ke yawo mai nisa ma ƙaramin yanki ba ya riƙe shi. Duk da haka kada masunta su karaya, akwai tsaka-tsaki: a Banc d'Arguin ta Muritaniya, da aka kafa a 1976, an bar 'yan Imraguen, masuntan gargajiya na wurin, suna su da jiragen filafilai, an hana masu inji.

Keɓe yanki zai kare kifi daga ɗumamar ruwa ko dattin da kogi ke kawowa?

A'a. Raga kawai yake hanawa.